Bin Na Gaba Bin Allah Ne, Har a Ɗakin Majiyyata?

Mu Hausawa mun ce bin na gaba bin Allah. Da wannan karin magana aka rene mu, kuma ban zo don in rushe ta ba. Tambayata ita ce, ɗalibar da ke koyon aikin jinya a jami'a, wadda gobe za ta riƙe allura a kan mutum mai rai, wace irin biyayya ya kamata malamanta su cusa mata?

Aikin nas na zamani dai a kan biyayya aka gina shi. Makarantar da Florence Nightingale ta buɗe a asibitin St Thomas na birnin Landan a 1860 horonta kamar na soja ne, kuma irin wannan tsari Turawa suka kawo mana. Sai a 1965 Jami'ar Ibadan ta fara ba da digiri a fannin jinya. To, tun da karatun ya shigo jami'a, inda aka ce gidan tambaya ne da bincike, dole a sake duba maganar.

Ga wani abu da ya faru a Amurka. A 1966 wani likita mai suna Charles Hofling ya buga sakamakon gwajin da ya yi. An sa wani ya riƙa buga wa nas-nas waya suna bakin aiki, yana cewa shi likita ne, alhali ba su san shi ba. Ya umurce su da su ba majiyyaci miligiram 20 na wani magani wai shi Astroten. A jikin kwalin kuwa an rubuta ƙarara cewa iyakarsa miligiram 10 a yini. Maganin na bogi ne, kuma an tanadi mai tsayar da su. Cikin nas 22, guda 21 suka auna za su bayar! Abin mamakin shi ne, da aka tambayi wasu nas-nas da ɗalibai 33 a takarda me za su yi in haka ta same su, 31 suka ce faufau ba za su bayar ba. Ashe amsar jarrabawa daban, abin da hannu ke yi da tsakar dare daban.

Waɗannan mata ba mugaye ba ne. Ni a ganina ladabinsu ne ya kai su. An koya musu cewa muryar likita ba a yi mata musu, suka kuwa koya da kyau. In haka ta faru a ƙasar da yaro ke kallon tsabar idon ubansa, ina ga mu da yarinya ke durƙusawa ta sunkuyar da kai in babba na magana?

Wani zai ce, to, kana so a yaye mana 'yan gardama ke nan? Yana da hujja. Mace na zubar da jini a ɗakin haihuwa, ba lokacin muhawara ba ne. A miƙo abin da aka ce a miƙo. Kuma likita ya fi nas zurfin karatun cuta, wannan ba abin ɓoyewa ba ne. Amma fa nas ce ke kwana da majiyyaci, ita ce hannu na ƙarshe kafin magani ya shiga jiki. Likita ɗan Adam ne, yakan gaji, alƙalaminsa yakan zame. In ita ma ta rufe ido, babu sauran shinge.

A 1977 wasu masu bincike biyu, Rank da Jacobson, suka maimaita gwajin da ɗan sauyi. Suka yi amfani da Valium, maganin da kowace nas ta sani, suka kuma bar su su yi shawara da abokan aikinsu. Cikin 18, guda 16 suka ƙi. Watau abin da ya ba su ƙarfin hali abu biyu ne: sanin maganin, da samun wanda za a ce wa, "Zo ki duba mini wannan."

Na farko jami'a na iya bayarwa cikin shekara 5 na digiri, da darasin ilmin magunguna da na sassan jiki. Na biyun ne mai wuya, don ba a allo ake rubuta shi ba. Malamin da ke karanto darasi ɗalibai na kwafa, wanda in an ɗaga hannu sai ya haɗe rai ya ce a ga bayan aji, ko da kan darasin nasa "haƙƙin majiyyaci" ne, shiru yake koyarwa. Haka babbar sista da ke tsinka ɗaliba a gaban majiyyata don ta ce ba ta gane rubutun likita ba. Gobe yarinyar nan ba za ta ƙara tambaya ba, sai ta yi kirdado.

Da ni ne, da sai a riƙa gwada ɗalibai da gangan a ɗakin koyo: malami ya ba da umurnin da ya san kuskure ne, da kakkausar murya, a kan mutum-mutumin roba. Wadda ta tsaya ta ce, "Ranka ya daɗe, a gafarce ni, adadin nan ya wuce abin da ke jikin kwali," ita za a ba maki, a gaban kowa.