Shin Kallon Jirgin Ƙasa Aikin Banza Ne?

A Ingila akwai masu tsayawa a ƙarshen dandamalin tasha da littafi da biro, suna rubuta lambar duk kan jirgin da ya gifta. Al'adar ta yi ƙarfi tun 1942, lokacin da wani matashin ma'aikacin kamfanin Southern Railway, Ian Allan, ya buga ɗan littafi mai jerin lambobin injunan kamfanin, yara suka yi rububinsa. A Amurka kuma, a tsaunukan Tehachapi na Kaliforniya, mutane kan yi takakkiya don su ga dogon jirgin kaya ya yi gewaye har kansa ya bi ta saman wutsiyarsa, a layin da aka kammala a 1876. Ba su da kaya a taragun, ba baƙo suke jira ba. Mai tsoron hisabin lokaci yana da hujjar tambaya: wannan ba shagala ba ce?

Ra'ayina shi ne kallon da ba ya kawo ko sisi ba lallai ne ya zama banza ba, kuma Alƙur'ani ya ba da kafar fahimtar haka. A farkon Suratun Nahli, inda ake lissafa ni'imomin dabbobi, an ambaci nama da abin ɗumi da ɗaukar kaya zuwa garuruwa masu wuyar kai wa, amma a tsakiyarsu an ambaci kyan da mutum ke gani idan garke ya fita kiwo da safe, da lokacin da ya dawo da yamma. Wannan kyan ba a cinsa, ba a sayar da shi, ido ne kawai ke morarsa, duk da haka an ƙidaya shi cikin ni'ima. Bafillacen da ya san kowace saniya da sunanta da launinta, da Baturen da ya san kowane inji da lamba da ƙara, hankali iri ɗaya suke sarrafawa: lura da abu don kansa.

Za a ce saniya halittar Allah ce, jirgi kuwa ƙirar ɗan Adam. Wannan suka ba ta da nauyi sosai. Aya ta 164 ta Suratul Baƙara ta sanya jiragen ruwa masu ɗauke da abin amfanin mutane cikin ayoyin masu hankali, jere da sammai da ruwan sama, alhali kafintoci ne suka sassaƙa su. Maƙeri bai halicci ƙarfe ba, bai kuma ƙaga dokar da ta sa ƙafar ƙarfe ke mirginawa a kan dogo da ɗan gogayya kaɗan ba, wadda ita ce ta ba inji ɗaya ikon jan abin da manyan motoci da yawa za su raba. Jirgin kaya ma ya fi na fasinja koyarwa, domin yana tona asirin tattalin arziki. Wanda ya tsaya ya ga jirgin Muritaniya mai tsawon fiye da kilomita 2 yana kwashe ma'adinin ƙarfe daga Zuwerat zuwa tashar ruwa ta Nuwadibu, dole ya tambaya: me ke fita, me ke dawowa? Tambayar da ta dace da layin da ya iso Kano a 1911 ke nan, wanda ya yi shekaru yana kwashe gyaɗa zuwa bakin teku.

Sukar da ta fi ƙarfi ita ce ta wuce gona da iri, kuma gaskiya ce. A 2016, ranar da wani tsohon kan jirgi mai suna Flying Scotsman ya dawo aiki, sai da aka tsayar da shi saboda masu ɗaukar hoto sun hau kan layin dogo. Tun da daɗewa ƙungiyar masu kallon jirgi da Ian Allan ya kafa ta riƙa sa yara yin alkawarin ba za su shiga harabar da aka hana ba. Haka nan mai tara lambobi yana iya zama kamar mai tara dukiya, ya daina ganin jirgin, sai gurbin da bai cike ba a littafinsa. Amma wannan cutar zari ce, tana kama mai kiwon tattabaru da mai kallon ƙwallo. Muddin kallon bai ci lokacin salla ba, bai tauye haƙƙin iyali ba, bai jefa rai cikin haɗari ba, halal ne, kuma ga wanda ya haɗa ido da tuntuntuni, ya fi ƙarfin a kira shi ɓata lokaci.