Lambar Z15: Mai Gadon Haɗarin Cuta Majinyaci Ne ko Lafiyayye?

A Amurka asibiti ba ya samun kuɗinsa daga kamfanin inshora sai ya bayyana dalilin zuwan mutum da lamba. Lambobin suna cikin kundin ICD-10-CM, wanda ƙasar ta fara aiki da shi ranar 1 ga Oktoba, 2015, kuma an gina shi a kan kundin rarraba cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya. Galibinsu na cututtuka ne da raunuka, amma waɗanda suka fara da harafin Z an ware su ne domin abubuwan da ke shafar lafiya alhali su kansu ba ciwo ba ne. A cikinsu Z15 take, lambar wanda gwaji ya tabbatar ya gaji ƙwayar halittar da ke ƙara masa haɗarin wata cuta. Z15.01 ta sankarar mama ce, Z15.02 ta sankarar ƙwan mace.

Cikin irin waɗannan ƙwayoyin halitta, waɗanda aka fi sani su ne BRCA1 da BRCA2, da aka gano a 1994 da 1995. Kowane ɗan Adam yana da su, aikinsu gyara ɓarnar da ke aukuwa cikin ƙwayoyin jiki. Matsalar tana ga wanda ya gaji gurɓatacciya, daga uwa ko daga uba. Kusan mace 13 cikin 100 ke kamuwa da sankarar mama a Amurka tsawon rayuwa. A masu gurɓatacciyar BRCA1 kuwa adadin ya haura rabi.

To, macen da aka rubuta wa Z15.01, tana cin abincinta, tana zuwa aikinta, babu inda ke mata ciwo, majinyaciya ce? Ƙa'idar kundin ta ce ba a sa Z15 a matsayin lamba ta farko. Idan sankarar ta bayyana, lambarta ce ke gaba. Wato kundin bai ɗauki haɗari a matsayin cuta ba. Duk da haka lambar ce hujjar da asibiti ke kafawa wajen neman kuɗin ɗaukar hoton mama tun da ƙuruciya, har ma da tiyatar cire maman da bai kamu ba, wadda ita ma take da lambarta, Z40.01. Irin tiyatar ce 'yar fim Angelina Jolie ta bayyana ta yi a 2013. Ke nan an samu mutum na uku tsakanin lafiyayye da majinyaci: jikinsa lafiya lau, amma ana yi masa magani saboda goben da wataƙila ba za ta zo ba.

Ga mai imani da ƙaddara, kuskure biyu ke jira a nan. Wani zai ce gwajin leƙen gaibu ne, ɗan'uwan duba. Ba haka ba ne, domin gwajin yana karanta abin da ya riga ya kasance a jini, kamar yadda manomi ke ganin hadari ya haɗu a gabas ya kwashe shanyarsa, bai kuma ce ya san ko ruwan zai sauka ba. Musulunci bai musanta gado ba: a hadisin mutumin da ya yi shakkar ɗansa saboda launin fata, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tuna masa cewa raƙumi ma yakan ɗauko launin kakanninsa. Kuskure na biyu ya fi ɓarna, shi ne ɗaukar sakamakon a matsayin hukuncin da aka riga aka yanke. Mata da yawa masu wannan gado suna tsufa ba su kamu ba. Lokacin da Sayyidina Umar ya juya daga hanyar Sham saboda annoba, ya bayyana wa sahabbai cewa juyawar ma cikin ƙaddarar Allah take. Haka neman kariya yake ga wanda ya san gadonsa.

Abin da ya fi nauyi shi ne inda lambar ke zuwa bayan ta bar ɗakin likita. Tana shiga takardar neman biya, ta zauna a rumbun bayanan kamfani. Dokar GINA ta 2008 ta hana masu inshorar lafiya da masu ɗaukar aiki nuna bambanci saboda bayanan gado, sai dai ba ta shafi inshorar rai da ta naƙasa ba. Babu wanda ya zaɓi iyayensa, don haka ɗora wa mutum tsada a kan abin da bai aikata ba zalunci ne, ko da lissafin kamfani ya yi daidai. Kuma sirrin ba nasa ne shi kaɗai ba: kowane ɗa ko 'yar mai ɗauke da gurɓatacciyar ƙwayar, rabi da rabi ne ya gada ko ya tsira.

Tambayar ko mai gado majinyaci ne ko lafiyayye ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, inda gwajin jini kafin aure ya sa AS da SS suka shiga bakin kowa, har Jihar Kano ta mai da shi doka a 2024. Mai AS yawanci lafiyarsa ƙalau, amma kundin ya ajiye shi a babin cututtukan jini da lambar D57.3, bai kai shi rukunin Z ba. Wannan ya nuna iyakar da ke tsakanin ciwo da lafiya a takarda mutane ne suka shata ta, suna kuma iya yin kuskure. Lambar gado halas ce matuƙar tana buɗe wa mutum ƙofar gwaji da kariya. Duk wanda ya mai da ita dalilin hana shi aiki ko ƙara masa kuɗi ya ci amanar da aka damƙa wa likita.