Ijara da Amana a Kasuwar Shanu ta Maiduguri

Kasuwar Shanu ta Maiduguri, da ke yankin Gamboru, tana cikin manyan kasuwannin dabbobi na arewa maso gabashin Nijeriya. Shanun Wadara na Shuwa, da Rahaji, da Kuri na gaɓar Tafkin Chadi suna shigo mata daga ƙauyukan Borno da Chadi da Kamaru da Nijar, daga nan a loda su a tirela zuwa Legas da Ibadan da Anaca da Fatakwal. Tsakanin makiyayin da ya kawo sa da mahaucin da zai yanka shi akwai hannaye da yawa: fatoman da ke saukar da baƙo, dillali, yaran kamu da ɗauri, masu ciyawa da ruwa, 'yan lodi, direba, da 'yan rakiya da ke kwana a saman mota don su tayar da dabbar da ta faɗi kafin sauran su tattake ta. Da wuya a samu mai takardar ɗaukar aiki a cikinsu. Dokar mafi ƙarancin albashi, wadda ta kai shi naira 70,000 a 2024, ta keɓe masu aikin kamasho da na jinga, saboda haka ba ta iso gare su ba.

Abin da ya daɗe yana riƙe da wannan sana'a shi ne dangantakar mai gida da yaronsa. Yaro yakan yi shekaru a ƙarƙashin mai gida yana ci yana sha, a yi masa magani, a tsaya masa a aure, a ƙarshe a sallame shi da jari. Abner Cohen ya yi bayanin irin wannan tsari a littafinsa na 1969 kan Hausawan Sabo a Ibadan, inda ake ba mahauta shanu bashi ba tare da rubutu ba, mai gida ne lamuni.

Abubuwa da dama sun girgiza tsarin a 'yan shekarun nan. A watan Maris na 2016 gwamnatin Kashim Shettima ta dakatar da cinikin shanu a Gamboru da wasu kasuwanni uku, don toshe hanyar da 'yan Boko Haram ke sayar da dabbobin sata. Canjin kuɗi da Babban Bankin Nijeriya ya sanar a Oktoban 2022 ya jawo ƙarancin takardun naira a farkon 2023, ya tilasta wa mutanen da ba su yarda da komai ba sai tsaba su koma tiransifa da POS. Cire tallafin mai a Mayun 2023 ya ɗaga kuɗin mota. Sai ambaliyar madatsar Alau ta Satumban 2024, da ta ci unguwannin tsakiyar birnin. A gefe guda kuma wayar hannu ta shigo: mai saye a kudu yana kallon bidiyon sa ta WhatsApp, ya taya, ya tura kuɗi. Matashin da ya iya waya yana iya haɗa ciniki ba tare da ya taɓa zama yaron kowa ba, mai gida kuma ya ga ɗaukar ma'aikacin yini ya fi masa sauƙi a kan ciyar da yara goma. Abin da kamfanonin Turai da Amurka suka shiga da masu aiki ta manhaja irin su Uber ke nan, a tsohuwar kasuwa.

Fiƙihun Malikiyya, wanda ake karantawa a zaurukan Borno cikin Risala ta Ibn Abi Zaid da Mukhtasar na Khalil, ya raba aikin lada gida biyu. Ijara yarjejeniya ce mai ɗaure ɓangarorin biyu, dole a san lada, a san aikin ko wa'adinsa. Ju'ala kuwa ba a biya sai buƙata ta biya; la'adar dillali a nan ta faɗo, domin in saniya ba ta saidu ba, wuninsa a rana ya tafi a banza. Duka biyun halal ne. Amma ju'ala tana ɗora asarar rana marar ciniki a kan ma'aikaci shi kaɗai, kuma sabon yayi yana tura mutane da yawa can.

Ba daidai ba ne a ɗauki tsohon tsari kamar ba shi da aibu. Malikiyya sun halatta ɗaukar mutum aiki a kan ci da tufa gwargwadon al'ada, amma sallamar da ba a faɗi yawanta ko lokacinta ba jahilci ne a cikin lada, kuma ta wannan ƙofa aka cinye ƙuruciyar yara da yawa. Hadisin ƙudusi da Bukhari ya ruwaito ya lissafa wanda ya ci moriyar ma'aikaci ya hana shi ladansa cikin mutum uku da Allah zai yi husuma da su ranar ƙiyama. Ta wannan fuska tiransifa alheri ce: tana barin shaidar adadi da lokaci, abin da aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta yi umarni da shi game da bashi. Yaron da ya san abin da za a ba shi ya fi wanda ke jiran ganin dama 'yanci.

Sai dai alat ɗin banki lada kawai yake rubutawa. Hadisin Abu Zarri kan waɗanda ke ƙarƙashin hannun mutum, wanda malamai suka shigar da 'yan ƙwadago cikin hukuncinsa, ya yi umarni da a ciyar da su da irin abincin mai gida, ya hana ɗora musu abin da ya fi ƙarfinsu. Wannan haƙƙi ya wuce ciniki. Idan sa ya soki yaron kamu, ko ɗan rakiya ya faɗo daga tirela a hanyar Jos, tambayar wa zai ɗauki jinyarsa ba ta da amsa a cikin ju'ala. Idan aka rufe kasuwa kamar 2016, mai la'ada ba shi da tukunyar da zai jingina da ita. Mai ɗaukar aiki da ya sauke nauyin ciyarwa da jinya, ya kuma bar lada yadda yake a da, ya ci riba sau biyu a kan mutum ɗaya, ko da kowane ciniki nasa ya inganta a zahirin hukunci.

Haka batun lamuni. Makiyayin haya amintacce ne a Malikiyya, ba ya biyan dabbar da ta mutu sai in ya yi sakaci, kuma ɗan rakiya ya fi kama da shi. Zaftare ladansa saboda saniyar da zafi ko cunkoson lodi ya kashe zalunci ne, tunda ba shi ya yanke yawan abin da aka cusa a motar ba.

Gyaran da ya dace da shari'a bai buƙaci komawa baya ba. A faɗi lada tun farko, a rubuta shekarun hidima da adadin sallama gaban shaidu, ƙungiyoyin dillalai da 'yan lodi su ware wani abu daga kowace mota don jinya da iyalan mamaci, bisa tsarin takaful. Hukumar fansho ta ƙasa ta buɗe shirin ƙaramin fansho ga masu sana'ar kansu tun Maris na 2019, wanda mai la'ada zai iya zubawa kaɗan-kaɗan ta wayar da yake karɓar kuɗin ciniki.