Tsakanin Ruɓa da Ɓarna

Mutumin da Allah Ya ƙaddara masa zama a hawa na bakwai na gidan bene, a birni irin Faris ko Alƙahira, inda ba shi da ko taku ɗaya na ƙasa da zai kira nasa, in ya ajiye bokiti mai huji a baranda yana tara ɓawon dankali da na ayaba da ganyen shayi domin su zama taki, shin wahalar banza yake yi, ko kuwa wani haƙƙi ne yake saukewa? Hukuma dai ta ba da tata amsar, domin tun ranar 1 ga Janairun 2024 Faransa ta wajabta wa ƙananan hukumominta su tanadar wa jama'a hanyar ware ragowar abinci daga sauran shara. Amma tambayar ta girmi doka.

Ƙyamar da muke yi wa abin da ya ruɓe ɗabi'a ce ta ɗan Adam, ba hukuncin shari'a ba ce, gama malaman fiƙihu sun daɗe da sanin istihala, wato juyawar zatin abu zuwa wani zati daban, har Shehu Halil a cikin Muhtasar ya lissafa shukar da aka shayar da najasa, da giyar da ta koma khal, cikin abubuwa masu tsarki. To ina ga ɓawon albasa, wanda tun asali bai taɓa zama najasa ba? Ruɓa sunna ce daga sunnonin Allah a cikin halittarSa, da ita ake raya ƙasa bayan mutuwarta. Ɓarna, a nawa ganin, ita ce a ɗaure abincin nan cikin leda a binne shi a juji inda iska ba ta shiga, ya riƙa fitar da iskar metan mai ƙara wa duniya zafi, alhali gonaki na kukan yunwa. Manoman kewayen Kano, waɗanda suka daɗe suna kwasar sharar birni a mangala bisa jakuna zuwa gonakinsu da rani, ba su taɓa jahiltar wannan ba.

Sai dai fa baranda ba gona ba ce, kuma maƙwabci yana da haƙƙin da Musulunci ya tsananta a kansa, saboda haka wanda ya bar bokitinsa yana wari yana tara ƙuda, ya gyara wani abu ne ya ɓata wanda ya fi shi. Wajibi ne ya nisantar da nama da kifi da mai, ya riƙa rufe kowane ɗanyen zubi da busasshen ganye ko garin katako, yana juyawa domin iska ta ratsa, yana kuma lura kada ruwa ya yi yawa. In ya yi haƙurin wata biyu ko uku, zai buɗe murfi ya iske baƙar ƙasa mai laushi, wadda za ta ishe shi tukunyar tumatir da ta tattasai, har ya ɗiba wa na hawa na shida.