Ƙarin Minti Talatin: Son Kai Ne Ko Adalci?

A ce ranar jarrabawa ce a wata makarantar firamare a Suleja. An kaɗa ƙararrawa, malam ya karɓi takardun 'yan aji duka, amma ya bar yarinya ɗaya ta ci gaba da rubutu har tsawon minti talatin, domin tun haihuwa hannunta ba ya riƙe alƙalami da kyau. Da sakamako ya fito sai ta zo ta huɗu. Mahaifin yaron da ya zo na biyar ya tafi wurin hedimasta da ƙorafi, yana cewa da an ƙara wa ɗansa lokaci, da shi ma ya fi haka. Wannan uba ba mugu ba ne, tambayarsa kuwa ta cancanci amsa: shin adalci ne a yi wa yaro ɗaya tanadin da ba a yi wa saura ba?

Mutanen Suleja suna da abin dubawa a ƙofar gidansu. Tun shekarar 1990 garin yake ɗauke da makarantar gwamnatin tarayya ta yara masu hazaƙa ta musamman, wadda ake kira Federal Government Academy. An kafa ta ne bisa fahimtar cewa akwai yaran da tsarin aji na kowa da kowa bai dace da su ba, kuma da wuya a ji wanda ya kira wannan son kai. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta sa masu hazaƙa da masu naƙasa a ƙarƙashin babi ɗaya, wato ilmi na musamman. Idan an yarda a canza tsari saboda yaron da ya yi wa 'yan ajinsu nisa, da wace hujja za a ƙi canza shi saboda yarinyar da hannunta ya hana ta nuna abin da ta sani?

Ya kamata a tambaya, mene ne jarrabawa take aunawa? Idan jarrabawar lissafi ce, sanin lissafi ake nema. Yaron da hannunsa yake lafiya ya riga ya zuba abin da ke kansa cikin awa ɗaya. Ƙarin lokaci ba zai koya masa abin da bai karanta ba. Ita kuwa yarinyar, amsar tana kanta, hannun ne ya tsaya mata a hanya. Karɓe takardarta tare da ta kowa yana nufin an auna saurin yatsunta an rubuta shi da sunan lissafi. Haka yake ga makaho da aka ba takarda da rubutun makafi, da kurma da aka zaunar a layin gaba domin ya ga bakin malam, da gurgu da aka sauko da ajinsu ƙasa daga bene. Ba a rage musu ko tambaya ɗaya ba. An dai kawar da shingen da sauran yara ba su taɓa cin karo da shi ba.

Sai dai kuma akwai iyaka, kuma a nan ne ƙorafin wancan uba yake da gaskiya. Malamin da ya ƙara wa mai naƙasa maki don tausayi, ko ya wuce da shi aji na gaba alhali bai iya karatu ba, ya cuci sauran yara, ya kuma cuci shi kansa yaron, domin ya gaya masa a fakaice cewa ba a sa ran komai daga gare shi. Irin wannan tausayi ɗan'uwan raini ne. Tanadi na gaskiya yana sauya hanyar da yaro zai bi, amma inda za a je yana nan daram ga kowa.

Wannan tunani ba baƙo ba ne ga ikkilisiya a Nijeriya. A 1953 mishan na SUM ya buɗe makarantar makafi a Gindiri, a lokacin da yawancin mutane ba su san wata sana'a ga makaho ba sai bara. A 1960 Andrew Foster, wani ɗan mishan baƙar fata daga Amurka wanda shi kansa kurma ne, ya buɗe makarantar kurame a Ibadan. Daga baya gwamnati ta bi sahu. A 1977 aka kafa kwalejin horar da malaman ilmi na musamman a Oyo. A 2017 hukumar JAMB ta kafa kwamiti a ƙarƙashin Farfesa Peter Okebukola domin shirya wa makafi jarrabawar shiga jami'a. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa masu naƙasa bambanci, wadda ta ba su ilmi kyauta har sakandare, ta kuma ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara mashigansu. Wa'adin ya cika a 2024. Duk mai son sanin inda aka kwana, sai ya duba matakalar makarantar unguwarsu da ƙofar makewayinta.

Doka tana Abuja, amma yaro yana aji. Abin da ke haɗa su shi ne rubutaccen shiri domin kowane yaro. A Amurka tun 1975 doka ta wajabta wa makarantun gwamnati yin irin wannan shiri. A Suleja ba sai an jira doka ba, takarda ɗaya ta isa. A farkon zango iyaye da malamin aji da hedimasta su zauna, da yaron kansa idan ya yi wayo, su rubuta abin da ya iya, da abin da ke hana shi, da matakin da za a ɗauka, da wanda zai ɗauka, da ranar da za a sake zama a duba. Amfanin rubutun shi ne, kirkin malami yana tafiya da shi ranar da aka yi masa canjin wurin aiki, takarda kuwa tana zama a fayil. Abin da yake alfarma jiya ya zama hakki yau.

Wani zai ce malami ɗaya ne a gaban aji cike maƙil, kuma kuɗi babu. Gaskiya ne, akwai buƙatun da sai ƙwararru da kayan aiki masu tsada, shi ya sa makarantu na musamman kamar wadda ke Minna suke da muhimmanci. Amma ba kowace uwa ce za ta iya rabuwa da ɗan shekara bakwai zuwa wani gari ba, kuma yawancin gyare-gyaren ba su fi ƙarfin ƙungiyar iyaye da malamai ba: canjin wurin zama, rubutu da manyan baƙaƙe, aboki mai kwafa masa darasi, 'yan buhunan siminti domin gangare a bakin aji. Bisharar Markus sura 2 ta ba da labarin mutum huɗu da suka kawo shanyayye wurin Yesu a Kafarnahum. Da taro ya toshe ƙofa, sai suka buɗe rufin ɗaki. Rufin ya bar wa wani aikin gyara, amma labarin bai zarge su da son kai ba. Bangaskiyarsu aka yaba.

Nauyi na farko yana wuyan iyaye. Har yanzu akwai gidajen da ake ɓoye irin waɗannan yara a ɗaki saboda kunya, ko don zaton alhakin wani zunubi ne, zaton da Ubangiji ya kawar a Yohanna sura 9. Ba a yi wa yaron da ba a kai makaranta ba wani shiri. Makarantun da ikkilisiyoyi suka mallaka kuma su ne ya kamata su fara, tun kafin wani jami'i ya zo dubawa.

Shi kuma uban da ya kai ƙorafi, amsarsa ita ce ba a ɗauke wa ɗansa komai ba. Yaron ya zo na biyar ne a jarrabawar da, a karo na farko, dukan 'yan ajin suka sami damar rubutawa.