Wanda Ya Bar Kwas Na Kyauta, Wa Yake Binsa Bashi?

Kwaja tana cikin duwatsun kudancin Mubi, dab da iyakar Kamaru. A ɗauki misalin wani saurayi a can wanda ya gama sakandare, yana jiran gurbi a Jami'ar Jihar Adamawa da ke Mubi. Da rani abokinsa ya nuna masa wani kwas na kyauta a intanet, na koyon lissafin kasuwanci, mai tsawon mako goma sha biyu. Ya yi rajista. Mahaifiyarsa ta sayar da gyadarta ta saya masa data, har ta ba da labari a zumuntar mata cewa ɗanta yana karatu wurin Turawa ta cikin waya. Ya yi mako uku. Sai ruwa ya sauka, aka shiga shuka, daga nan noman fari, wayar kuma ba kullum take da caji ba. Yau wata huɗu ke nan bai buɗe darasin ba. Saƙonnin tuni suna shigowa, yana share su tun bai karanta ba. Idan uwar ta ce, "Ɗana, yaya karatun?" sai ya amsa, "Mama, ana nan ana yi."

Akwai nauyi a zuciyar wannan yaro, kuma irinsa suna da yawa a ikkilisiyoyi. Abin tambaya shi ne: nauyin nan na laifi ne, ko kuwa kunya ce kurum? In laifi ne, wa ya yi wa?

Ya kamata a fara sanin cewa ba shi kaɗai ba ne. A shekarar 2011 Sebastian Thrun da Peter Norvig suka buɗe wa duniya darasinsu na Jami'ar Stanford a Amurka kyauta. Mutane wajen 160,000 suka yi rajista, kimanin 23,000 suka kai ƙarshe. A 2012 jami'ar MIT ta buɗe darasin lantarki. Kusan mutum 155,000 suka shiga, 7,157 suka sami takardar shaida. A 2019 Justin Reich da José Ruipérez-Valiente suka buga binciken da suka yi a kan darussan MIT da Harvard da ke dandalin edX. Sun tarar cewa a zangon 2017 zuwa 2018 kashi 3 da 'yan kai cikin ɗari ne suka kammala, kuma fiye da rabin masu rajista ba sa ma leƙa darasin ko sau ɗaya. Da yawa cikinsu suna zaune a biranen da ba a ɗauke wuta, ba su da gonar dawa da ke jiransu.

A cikin binciken nan akwai wani adadi da ya fi ɗaukar hankali: waɗanda suka biya kuɗin takardar shaida, kashi 46 cikin ɗari sun kammala. Wani zai ce to, ga shaida cewa ɗan Adam yana rena kyauta. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ita ce duka ba. Duk wanda ya san kasuwar shanu ta Mubi ya san bambancin mai tayi da mai saye. Mutum yakan zagaya sa, ya duba haƙoransa, ya taya, ya wuce, ba mai cewa ya ci amana. Amma in ya ba da kafin alƙalami aka tafa hannu, magana ta sake. Danna rajista a kwas na kyauta ya fi kusa da tayi. Ba a yi wa'adi gaban kowa ba, ba a hana wani kujera ba, malamin da ya ɗauki darasin a hoto bai ma san an tafi ba.

Dattawa ba za su gamsu da wannan nan da nan ba, kuma suna da hujja. Za su ce da muguwar rawa gara ƙin tashi. Wasu za su tuno misalin da ke cikin Luka sura 14, na mutumin da ya kafa harsashin hasumiya ya kāsa gamawa, ya zama abin ba'a. Sai dai misalin nan a kan tamanin bin Almasihu aka ba da shi, ba a kan kowace irin hidimar duniya ba, kuma abin da ya nema shi ne a zauna a yi lissafi. Saurayin da bai taɓa karatu ta waya ba, ta yaya zai lissafta abin da bai ɗanɗana ba? Mako ukun da ya yi su ne lissafinsa. Karin maganar kuwa, in an bi ta sau da ƙafa, ba yaron da zai koyi rawa.

Inda dattawa suka fi gaskiya shi ne batun hali. Akwai wanda ya yi rajistar kwas goma, bai wuce mako na biyu a ko ɗaya ba, domin daɗin farawa yake nema, ba ilimi ba. Irin wannan yana koya wa kansa gudu duk lokacin da abu ya fara tsauri, kuma halin nan ba zai tsaya a waya ba. Zai bi shi wurin koyon sana'a, ya bi shi ɗakin aure. Iyayen da suka ga haka suna da dalilin damuwa.

Mutanen Mubi kuwa sun san cewa ba kowane yankewar karatu ke da suna ɗaya ba. A ƙarshen Oktoba 2014, sa'ad da Boko Haram suka shiga garin, makarantu sun watse, hedkwatar EYN da makarantar Littafi Mai Tsarki ta Kulp a Kwarhi ma an bar su. Ba wanda ya kira ɗaliban da suka gudu ragwaye. Akwai wanda aka kora, akwai wanda ya sulale don ƙiwuya, akwai kuma na uku, wanda ya auna abu biyu ya zaɓi ɗaya. Yaron da ya ajiye waya ya ɗauki fartanya a watan da abincin shekara yake rataye a kan noma, ba lalle ba ne ya yi mugun zaɓi.

To, ina laifin yake? Kalmar "kyauta" ce take ɓoye shi. Darasin kyauta ne, data ba kyauta ba ce, musamman tun Janairu 2025 da Hukumar Sadarwa ta Nijeriya ta amince a ƙara kuɗin kira da na data har kashi 50 cikin ɗari. Jami'ar da ke Amurka ba ta bin yaron ko kwabo. Mahaifiyarsa ce take binsa, abin da take binsa kuwa ba takardar shaida ba ce, gaskiya ce. Ranar da ya daina buɗe darasin bai yi zunubi ba. Ranar da ya ce "ana nan ana yi" ce abin ya lalace, kuma kowane wata ƙaryar tana ƙara tsada, tun da uwar tana iya sake sayar da gyada. Ita ma, a faɗi gaskiya, tana da nata kason. Iyayen da suke yafa karatun 'ya'yansu kamar sabon zane a gaban jama'a sukan sa faɗin gaskiya ya yi wa 'ya'yan wuya ƙwarai.

Littafin Ayyukan Manzanni ya ba da labarin wani saurayi da ya bar aiki a tsakiya. Yohanna Markus ya rabu da Bulus da Barnaba a Bamfiliya ya koma Urushalima. Da za a sake fita, Bulus ya ƙi a tafi da shi, gardama ta yi zafi har manyan biyu suka rabu, Barnaba ya ɗauke shi zuwa Kubrus. Littafin bai yanke wa kowannensu hukunci ba. Abin lura shi ne komawar Markus a fili take, kowa ya san ya bari, don haka aka iya yin gardama a kansa, aka kuma iya ba shi zarafi na biyu. Bayan shekaru, a wasiƙa ta biyu zuwa ga Timoti, Bulus da kansa ya aika a zo masa da shi. Wanda yake ɓoye cewa ya bari, ko Barnaba ba shi da ta inda zai kama hannunsa.

A ce wata rana da yamma, bayan an taso daga gona, saurayin Kwaja ya zauna kusa da murhu ya ce, "Mama, karatun nan na bar shi tun farkon shuka. Kuɗin gyadarki, mako uku kaɗai na ci moriyarsa." Mai yiwuwa ta yi shiru, mai yiwuwa ta yi faɗa, kuma dole ta san abin da za ta ce wa matan zumunta ranar da suka tambaya. Bayan ta sauke tukunya tana iya juyowa ta ce, "To, a mako ukun nan, ka koyi abin da zai rubuta mana buhunan waken bana da abin da muka kashe a taki?"