Ranar da Ɗan Riƙo Ya Koma Gida



Riƙo tsohuwar al'ada ce a ƙasar Hausa, har yau kuwa tana nan da ranta a Masama da sauran garuruwan Gwandu da Kalgo. Akan kai yaro wurin kakarsa lokacin yaye, ya zarce da zama a can. Akan ba goggo ko inna wadda ba ta sami haihuwa ba ɗa ta riƙe. Wani kuwa larura ce takan raba shi da iyayensa: doguwar jinya, mutuwar aure, zaman kurkuku, ko cin ranin da ya zama na shekaru. Mukan yaba wa mai riƙo, ya kuwa cancanci yabo. Amma akwai ranar da ba mu cika tunawa da ita ba, wato ranar da za a mayar da yaron hannun waɗanda suka haife shi. A ranar nan ɗan wa ne shi, na wadda ta haifa ko na wadda ta rena? Mene ne kuma Allah yake nema daga gare mu?

Koyarwar Ikilisiya a bayyane take. A wasiƙarsa ta 1981 a kan iyali, Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya koyar cewa hakkin iyaye na tarbiyyar 'ya'yansu shi ne na farko, ba wanda zai maye gurbinsa ɗungum. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 a kan hakkin yara, wadda Nijeriya ta amince da ita a 1991, ta bi wannan hanya: kada a raba yaro da iyayensa sai idan zamansa da su zai cutar da shi, hukuma kuma ta taimaki iyaye su ɗauki nauyinsu. Saboda haka talauci kaɗai bai isa ya hana uwa ɗanta ba. Idan gidan riƙo ya fi rumbu, abin da ya kamata shi ne a taimaka wa gidan haihuwa da hatsi.

Sai dai yaro ɗan shekara uku bai san doka ba. Abin da ya sani shi ne bayan da ya goya shi da muryar da take lallashinsa da dare. Hausawa sun ce sabo ake yi wa kuka. A Ingila, wajen 1969, James Robertson da matarsa Joyce sun ɗauki hoton wani yaro ɗan wata 17 wanda ya yi kwana 9 kawai a gidan renon yara. Da uwarsa ta zo ɗaukarsa, sai ya riƙa ƙwacewa daga hannunta yana kuka. Amma yara huɗu da su Robertson suka riƙe a gidansu, mutum ɗaya yana kula da su, ana tuna musu da uwarsu, ubansu yana zuwa gaishe su, sun koma gida da sauƙi ƙwarai. In kwana 9 sun yi haka, ina ga shekara biyu ko uku?

To, a nan ne uwa takan sha wuya. Ta miƙa hannu, ɗanta ya ɓuya a bayan wata. Ya ƙi tuwonta, ya koma fitsarin kwance, ya kira ta da sunanta kamar baƙuwa. Maƙwabta su ce an shagwaɓa shi, ko su ce an yi masa asiri don ya ƙi uwarsa. Wasu su ba da shawarar bulala. Gaskiyar magana ita ce yaron makoki yake yi, uwar kuma tana ɗauke da kunyar da ba ta iya faɗa wa kowa. Duka da tsegumi suna ƙara zurfafa ramin da ke tsakaninsu.

Littafi Mai Tsarki ya nuna mana wata hanya. Hannatu ta bar Sama'ila a hannun Eli, amma kowace shekara takan ɗinka masa 'yar riga ta kai masa (1 Sama'ila 2:19), don haka zumunta ba ta yanke ba. A shari'ar Sarki Sulemanu, an gane uwa ta gaskiya ta wurin yardarta ta rasa ɗan muddin zai rayu (1 Sarakuna 3:16-28). Wannan ma'auni ya hau kan mata biyun nan duka. Mai riƙo ta saki da zuciya ɗaya, kada ta riƙa gorin abin da ta kashe. Mahaifiya kuma kada kishi ya sa ta rufe ƙofa ga wadda ta yi mata wahala. Yaro ba gona ba ne da za a yi ta jayayya a kan iyakarta.

Wani zai ce: idan fa gidan da zai koma akwai shaye-shaye ko duka? Wannan tambaya tana da nauyi. Hakkin iyaye amana ne daga Allah, an kuwa ba su shi domin lafiyar yaron. Inda akwai haɗari, sai a dakata, dattawan iyali da ma'aikatan jin daɗin jama'a su duba lamarin tukuna. Mun ga abin da gaggawa take haifarwa a 2020, lokacin annobar korona, sa'ad da gwamnonin Arewa suka kwashe almajirai a motoci zuwa jihohinsu na asali. Sauke yaro a ƙofar gida abu ne mai sauƙi. Gyara abin da ya fitar da shi daga gidan shi ne babban aiki.

Ga abin da muke roƙon kowace majami'a. Kafin ranar komawa, iyaye su riƙa ziyartar yaron, ya kwana ɗaya ya dawo, sa'an nan biyu. Ya tafi da tabarmarsa da ƙwaryarsa. Mai riƙo ta faɗa wa uwar abin da yake so da abin da yake tsoro, ta kuma ci gaba da leƙo shi, gama zumunta a ƙafa take. Zumuntar Mata su ɗauki nauyin ziyartar gidan har wata shida ko fiye, da mudun gero ko shinkafa idan akwai bukata. Katikis da iyayen baftisma su tabbata yaron ya shiga makaranta. Mu maza kuma mu zauna da uban, gama shi ma sai ya koyi zama uba ga ɗan da bai san shi ba.

Ubangijinmu Yesu da kansa ya girma a hannun Yusufu Mai Tsarki, wanda bai haife shi ba. Bari Iyali Mai Tsarki na Nazarat su yi addu'a domin masu haihuwa da masu riƙo, da 'ya'yan da ke tsakaninsu. Amin.